Facin Lamba Bakwai

Kun taɓa ganin ƙato mai gemu ya yi tsalle da baya saboda dabbar da ba ta da ƙafa ko ɗaya?

Ni na gani, a tsakar gidanmu a Dogon Daji, wata Asabar da hantsi. Sunana Rauda, ina koyar da kimiyya a aji biyar. A daminar bana na tsinto dodon koɗi goma sha ɗaya a fadamar Fakku, na zuba su a tsohuwar randa mai ƙasa da danshi, na ɗiga wa kowanne lamba a baya da jan farce. Duk Litinin nakan kai su makaranta, yara talatin da takwas su auna su da rula. Lamba Bakwai ne babba, santimita tara da rabi, kuma shi yaran suke rububin ɗauka.

Ina cikin yayyafa musu ruwa sai ga Ɗangiwa, ɗan gwaggona, mai faci a bakin hanyar Jabo, ya zo gaida Baba. Taubashina ne. Tun muna yara ba mu taɓa fara gaisuwa mun ƙare ta lafiya ba.

"...da gida, da ɗiyan mutane da kika cika wa kunne da surutu?"

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Yau ma an yafe wanka? Tun daga zaure nika jin warin taya."

"Warin sana'a ne, malamar alli. Mi kika ɓoye cikin randa?"

"Dabbobina ne. Ka gani da ido, ban da hannu."

Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Wayyo Kawu! Mutum da shanu fuɗu a turke, ɗiyarsa ta ƙare a kiwon majina mai ɗaki a baya. To da Sallah wanne za ku yanka?"

"Kai za mu yanka, ka fi su kitse."

"Suna ba da nono?"

"Sun fi ka amfani. Su ba su zuwa gidan mutane daidai lokacin karin kumallo."

"Wanga babban, shi ne sarkinsu? Bari mu gaisa."

"Ɗangiwa, na ce ban da hannu!"

Ai ya riga ya ɗauka. Lamba Bakwai ya miƙo ƙahoninsa a hankali ya shafi babban yatsansa. Ɗangiwa ya kurma ihu, ya yarfe hannu, ya ja da baya taku uku, na ƙirga. Dodon koɗin ya faɗa kan gefen dutsen niƙa. Na ji ƙarar, ƙas.

Na ɗauko shi. Tsaga ta kai santimita biyu, a tsakiyarta rami kamar ƙwayar gyaɗa, ana hango naman ciki yana motsi. Idan ya bushe, ko ƙasa ta shiga, ya mutu. Jibi kuma Litinin.

"Ya cije ni," in ji Ɗangiwa.

"Da wane haƙori? Ka kashe min babban ɗalibi!"

"Kwantar da hankalinki. Allah ya taimake ki, abin ya faru gaban gwani."

Ya fita da sauri wurin babur ɗinsa, ya dawo da jakar aiki. Ya zazzage sanfefa, guntun tub, almakashi da gwangwanin sholisho.

"Mi kaka shirin yi?"

"Faci nika yi. A kankare, a shafa, a manna, a danne. Tayar tirela ma na rufe mata baki, balle wanga ɗan tsurut."

"In ka buɗe gwangwanin nan, kai zan kankare. Taya ke da nama a ciki? Sholisho ya taɓa jikinsa, ya ƙone shi ke nan."

"To da mi za a liƙe? Da yawu?"

"Ba mu za mu liƙe ba. Shi zai gina sabon bango daga ciki, da kansa. Namu kawai mu rufe masa ƙofa har ya gama."

"Bango? Wanga da zai kwana bakwai kafin ya kai zaure?"

"Kai shekara nawa kana cewa za ka rufe rumfarka da kwano? Shida. Shiga madafa ka ɗauko ƙwai ɗaya ka fasa. Fasa abu dai ka nuna mana ka ƙware."

Ya kawo. Na wanke tsagar da ruwan da aka tafasa ya huce, ɗigo-ɗigo, har ƙasar ta fita. Na ɓare farar fatar nan ta cikin ɓawon ƙwai, na shimfiɗa ta kan ramin tana da danshi. Sannan na yanko filasta mai kusurwa huɗu na ɗora. Gefe ya ɗage. Na sake. Ya ɗage. Sau uku.

Ɗangiwa ya tsuguna yana murmushin mugunta.

"Malama, a wane aji aka koya miki wanga?"

"Rufe min baki."

"Faci mai kusurwa ba ya zama, ko a tayar keke. Kusurwar ce ke fara tashi. Ba ni almakashin."

Na ba shi, ba don na so ba. Ya zagaye filastar ta koma kamar kwabo, ya ɗan tsattsaga gefenta don ta bi lanƙwasar koɗin.

"Riƙe shi. A'a, juya min bayansa. Ƙahonin su dubi wajenki, ku kuka san juna."

"Mai tayar tirela!"

"Tirela ba ta shafa mutum."

Ya ɗora daga tsakiya, yana lallashi da ɗan yatsa zuwa gefe. Ta zauna daram, manne da koɗin, ba inda ta taɓa nama. Gaskiya hannunsa ya fi nawa, amma ban faɗa masa ba.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi, "sai dai mara lafiyar ba zai kai Laraba ba. Ki fara neman likkafani, ganyen zogale ɗaya ya isa."

"In ya tashi fa?"

"In ya tashi, gaban Kawu zan tsuguna in kira ki uwar ɗakina."

"In bai tashi ba?"

"Ki wanke min babur gaban ɗalibanki."

Na ware Lamba Bakwai a ƙaramar roba mai huji goma a murfi, marar zurfi don kada ya hau ya sake faɗowa. Ƙasa mai danshi, yankan kabewa, da garin ɓawon ƙwai da na wanke na shanya na daka, domin da shi yake samun abin ginin. Gishiri ko ƙwaya ban bari ya kusance shi ba. Na ɗora robar inda kaji da tururuwa ba sa kaiwa, ina yayyafa ruwa safe da yamma.

Kwana uku bai leƙo ba. Ranar Litinin na kai goma makaranta, na faɗa wa yara gaskiya. Ranar ko rular ba a yi wa rububi ba. Rana ta huɗu da safe na tarar an gutsiri kabewar, ɗan rami kamar farce. Na zauna a ƙasa na yi ta kallon ramin nan.

Ɗangiwa kuwa, kira tara ya yi min cikin sati biyu.

"Ya jikin Kawu?"

"Baba lafiyarsa ƙalau, yanzu ya dawo daga gona."

"Madalla. To... yana cin kabewar?"

"Baba?"

"Ke dai Allah ya shirye ki."

Rana ta ashirin da uku filastar ta saki da kanta. A ƙarƙashinta ga sabon koɗi, fari, mai kaushi, siriri, ya toshe ramin ruf. Bai yi kyan na da ba, tabon yana nan, amma ya rufe. Na aika wa Ɗangiwa hoto ban rubuta komai ba.

Da la'asar sai ga shi, an ɗaure tsofaffin tayoyi uku a bayan babur da naɗin ragar waya. Baba yana zaune kan tabarma yana gyaran igiyar shanu.

"Wanga tarkacen fa?" na tambaya.

"Gida ne. A jera su bisa juna, a zuba ƙasa, a rufe da raga. Roba ce, ko ya faɗo ba ya fashewa. Randa ba wurin mai jinya ba ne."

"Na karɓa. Saura ɗaya."

"Mi kuma?"

"Ga Baba nan."

Ya dubi sama, ya dubi ƙofa, ya tsuguna, ya yi magana can cikin gemu.

Baba bai ɗago ba. "Ɗangiwa, kunnen nawa ya tsufa. Mi ka ce?"

"Na ce uwar ɗakina, Kawu! Uwar ɗakina, shugabar masu majina ta ƙasar Tambuwal da Kebbe!"

Baba ya yi dariya har igiyar ta suɓuce masa. Ɗangiwa ma ya tuntsire, ya miƙe ya hau jera tayoyin da kansa, yana cewa a rubuta a allo cewa likitan da ya yi aikin daga Jabo aka ɗauko shi.

Litinin ɗin da ta biyo baya na kai goma sha ɗaya cif. Da aka auna Lamba Bakwai, bai ƙaru da komai ba, duk ƙarfinsa ya tafi gini. Yara talatin da takwas suka yi layi don ganin tabon.

Don haka in kun tsinci dodon koɗi da ɗan tsaga a baya, kada ku jefa wa kaji. Ku wanke da ruwa mai tsabta, ku rufe da fatar ƙwai, ku zagaye filastar, ku ware shi a danshi da garin ɓawo. Ba kowanne ke tashi ba, wanda ya farfashe sosai sai haƙuri. Amma ku gwada ko sau ɗaya, ku riƙa duba kabewar kowace safiya.