Ranar da Mudansir Ya Toshe Kafar Sifili

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ƙididdige kowane abu, bai bar komai a banza ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Wani mutum ne a garinmu, Injiniya Mudansir, wanda in ya fara yabon kansa sai shayi ya huce a hannun mai sauraro. Ya ce na'ura in ta ji takunsa gyara zama take yi.

Kamfaninsu ya haɗa wata 'yar na'ura mai kula da ƙofar sabuwar kasuwar hatsi. Kafofin waya uku gare ta. Ta sifili ba a jona mata komai ba. Can zuciyar manhajar, wadda suke kira kenel, take zuba gunaguninta ba mai ji. Ta ɗaya lasifika ce mai karanta duk rubutun da ya zo mata. Ta biyu sandar ƙofa ce mai ɗagawa da saukowa. Shugaban kasuwa, Alhaji Makau, ya yi alkawari: in abin ya yi kyau ranar buɗewa, Mudansir zai riƙe dukkan ƙofofi shida.

Ana gobe biki, Mudansir na duba direba, wato ɓangaren manhajar da ke raba wa kafofin saƙo, ya ce: "Kafar da ba ta aiki, me take yi a direbana? Toshe ta zan yi."

Abokiyar aikinsa Malama Hansatu ta ce: "Injiniya, direban nan kafofin da ya tarar yake ƙirgawa. Kamar sahu ne, na farko ya fita, na biye ya matso. Ko ka bar mata gurbinta, ko ka kafe wa kowace lambarta."

"Malama, ni na rubuta shi da hannuna, baƙi da wasali! Ni za a yi wa bita?"

Ya toshe. Lasifika ta koma sifili, sanda ta koma ɗaya. Bai gwada ba, wai gwaji na masu shakka ne.

Ni aka gayyata in buɗe taro da addu'a, saboda haka ganau ne ni. Muka shafa. Mudansir ya tsaya gindin sanda cikin babbar riga, ya danna maɓalli ƙyas!

Lasifika ta yi gyaran murya. Maimakon maraba, sai ta shiga karanta gunagunin da ke zuwa kafar sifili, wato 'yan bayanan da ya cusa a direba don idonsa kaɗai:

"Mataki na ɗaya. Allah Ka rufa asiri."

Jama'a suka ce amin, sun zaci cikon addu'ata ne.

"Mataki na biyu. Wannan na kwafo daga wurin Hansatu."

 Malama Hansatu ta duƙar da kai, tana danne dariya.

"Mataki na uku. Ban san amfanin layin nan ba, amma in na cire komai mutuwa yake yi."

Shi kuwa jawabin maraba, shafi biyu cur, sai ya zarce wurin sanda. Ita ba ta san balaga ba. Kowace kalma umarni ce a wurinta. Ta ɗaga fuu! Ta sauko tim! Ta ɗauke hular Mudansir, ta ɗora wa wani jaki a kunne. Mudansir ya sunkuya zai cire waya, ta shiga wuyan rigarsa ta yi sama da shi, ƙafafu na reto.

Alhaji Makau ya ɗaga kai: "Injiniya, cikin tsarin ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, gwaji ne! Hansatu! Yaya Hansatu, kashe ta!"

"Kai ka rubuta, baƙi da wasali. Ta ina ake kashewa?"

Sai da Hansatu ta gama dariya ta mayar wa kafar sifili gurbinta, kowace ta koma lambarta. Alhaji Makau ya miƙa mata makullan ƙofofi shida nan take. Amma kafin gyaran ya kama, Mudansir na rataye yana kallon rufin rumfuna, lasifika ta cika karatunta da murya mai daɗi:

"Mataki na ƙarshe. Ya tashi! Wallahi ban san dalili ba."

Allah Ya tsare mai rubutu da mai karatu daga da'awar abin da ba su sani ba, Ya suturta mu ranar da za a karanta wa kowa abin da ya rubuta. Amin.