Ranar da Na Ɗauki Kujera da Digirina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gayyace ni gwajin wasan kwaikwayo a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Direba ne ni a nan Riyad, haka aka rubuta a iƙamata, wato katina na izinin zama, amma digiri na biyu gare ni a adabin Turanci. Kundina ma a kan yadda a can baya Ingilawa suka riƙa kwasar wasannin barkwancin Faransawa suna sauya musu riga ne (ilmin da bai taɓa samo min aiki a gida ba).

Wata rana ina tuƙi na ji Madam, matar Baturen da nake wa aiki, tana waya cewa ƙungiyarsu za ta yi wani tsohon wasan Ingila. Bakina ya ƙi yin shiru. Na ce ai asalinsa na Faransa ne, na san shi ciki da bai. Ta ce, "Madalla! Ka zo ranar Asabar, muna buƙatarka."

Har matata na kira a Zariya na yi mata albishir. Ilu, Bamaraɗen da muke ɗaki ɗaya a unguwar Malaz, ya ara min hularsa, ya ce, "Malam, yau dai boko zai yi rana."

Ranar Asabar ina shiga falon da ake gwajin, ban jira an ba ni dama ba. Na gyara murya na fara bayanin yadda aka sake buɗe gidajen wasa a Landan, da yadda baran nan mai wayo na cikin wasan, wanda ke juya ubangidansa, ya tsallako daga Faris. Har da ɗaga yatsa (Allah Ya isa tsakanina da yatsan nan). Falo ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka ilmi ne ke ratsa su.

Sai Madam ta yi murmushi ta ce, "Mun gode. Kai za ka shigo da kujera a fitowa ta biyu, ka ajiye, ka fita. Babu magana."

Baran mai wayon kuwa wani jami'in ofishin jakadancinsu aka ba, wanda ko sunansa na wasan bai iya faɗa ba. Ni ko bara ban samu ba.

Na ɗauki kujerar, na ajiye, aka ce ban ajiye daidai ba, na sake.

Tun ranar na gane, a ƙasar mutane in babba ya yaba maka, kada ka gyara murya. Ka fara tambayar nauyin kayan.