Sifilin Da Ya Ɓace A Allon Masallaci

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na nemi sa mutanen Ƙofar Durbi su sha ruwa rana na kallonsu ba. Ina aji uku a jami'a, kaina na hayaƙi da ilimin kwamfuta, Baba kuwa kullum cewa yake karatuna latse-latse ne kawai. Don haka da kwamitin masallacinmu suka sayi allon lantarki a cikin azumi, na yi caraf na ce ni zan rubuta manhajar da za ta riƙa nuna lokacin shan ruwa. Burina ɗaya, Baba ya yaba mini a gaban mutane.

Kwana biyu ina gwaji, allo na nuna 6.39 raɗau. Murna kamar in taka rawa! Har sabuwar shadda na saka ranar buɗewa (don Allah kada ku tambaye ni dalili).

Bayan la'asar aka cika maƙil, Liman na gaba, Baba na gefensa. Na yi gyaran murya, na latsa. Allo ya haska da jajayen lambobi manya-manya: 6.4.

Ashe ranar lokacin ya koma 6.40, ni kuma a matsayin lamba na ajiye shi. Da kwamfuta ta zo mayar da shi rubutu, sai ta ga sifilin ƙarshe ba shi da amfani, ta yar da shi. Layi ɗaya na umarni a cikin manhajar ne zai hana hakan (na san shi sarai, ɗoki ya hana ni rubutawa).

"Shida da minti huɗu?" in ji wani dattijo daga baya. "Kai, Alhamdu lillahi, yau da wuri za mu sha!"

Malam Ladan ya gyara tabarau, ya ƙura wa allon ido. "Ɗana, wanga allo naka da ranar wane gari shike aiki? Tamu hwa ba ta faɗuwa sannan."

Masallaci ya kece da dariya. Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf. Na saci kallon Baba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, abin da ya fi dariyar ƙona mini rai.

Da muka iso ƙofar zauren gida, sai Baba ya juyo.

"Gobe ka gyara," ya ce. "Amma ka bari sai Ladan ya kira salla kafin ka taɓa dabino."

Tun daga ranar ba na nuna wa jama'a aikina sai na gwada shi da lamba mai sifili, kuma da tsohuwar riga nake zuwa.