Rasuwar Ɗan Zafi, Akwatin da Ya Raini Agwagwa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da yatsu masu tabon fensir, Auta mai zanen katun take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohon abokin aikinta, akwatin hasken nan da aka fi sani da Ɗan Zafi. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa na bakin taga, yana tsakiyar aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, akwatin katako ne mai ƙwan lantarki a ciki da gilashi a sama. A kansa ake ɗora takarda bisa takarda, haske ya ratso, mai zane ta ga inda ƙafa ta tsaya kafin ta zana taku na gaba.

An haife shi a shagon Kawu kafinta, daga ragowar katakon gado. Gilashinsa kuwa na ƙofar kabad ɗin Inna ne, mahaifiyar Auta. Yarinyar ta kwance shi ne wata rana da Inna ta tafi unguwa. Da Inna ta dawo ta ga kofunanta a fili, ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambayi dalili. Auta ta ce agwagwar takarda za ta koya wa tafiya.

"To madalla," in ji Inna. "Ran da ta tako ta zo gabana, ki maido mini gilashina."

Marigayin ya shaida abin kunyar farko. Auta ta yi wata da watanni tana zane, duk takardar da ta gama sai ta ɗora a kan ta baya. Da ta zo ɗaukar hoto sai ta fara daga sama, wato daga ƙarshe. Ranar nuni a ɗakin taron matasa, ga Inna a kujerar gaba da sabon mayafi, agwagwa ta bayyana, ta dubi jama'a, ta dinga ja da baya har ta ɓace. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Auta ta koma gida ta kifa kai a kan Ɗan Zafi ta yi kuka, shi kuma ya busar da hawayen, domin zafinsa ba na wasa ba ne.

Ya kasance mai haƙuri da rufin asiri. Bai taɓa faɗa wa kowa cewa ɓeraye sun cinye fim na biyu ba, ko cewa wani gidan talabijin ya maido da na uku da shawarar Auta ta koyi ɗinki. Maganarsa ɗaya ce, "zzzz", tun safe har yamma. In ya gaji ya ce "ƙyas" ya ɗauke wuta, sai an yi masa fifita da kwali kamar mai jego sannan ya farfaɗo. Kyanwar gidan ta haihu a gefensa saboda ɗumi, bai ce uffan ba.

Yaran unguwa ne suka ceci lamarin, don sun dami Auta da tambayar ina agwagwar nan ta nufa da baya. Sai ta bar ta a haka. Yau babu yaron da bai san agwagwa mai tafiya da baya ba, kuma ɗakin zanen Auta shi ne na farko da ya horar da masu wannan sana'a a garin. Amma duk lokacin da aka sa shirin, Inna kan zauna ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Har yanzu ba ta zo ba," ta zura hannu ta ramin kabad ta ɗauki kofi.

Bana idon Inna ya fara hazo, likita kuma bai ba da labari mai daɗi ba. Tsoro ya kama Auta ƙwarai. Ta ture kwamfutoci gefe, ta karkaɗe Ɗan Zafi, ta zauna zana agwagwa tana tahowa gaba, tun Inna tana iya gani. A nan jinyar Ɗan Zafi ta soma. Haskensa ya riƙa rawa, "zzzz" ɗinsa ya koma tari. Mai gyaran wuta ya duba ya girgiza kai. Ma'aikata suka yi layi suna fifita. Ranar Talatar, agwagwa ta ɗaga ƙafa ɗaya ke nan, marigayin ya ce "tas", gilashin ya rabe biyu.

Ya bar guntayen fensira masu yawa, da kilinar goge fensir ɗaya da ta tsufa tare da shi, da jikoki kwamfutoci waɗanda ba su san wahala ba. Ya kuma bar Auta, wadda ta naɗe gilashin a tsumma ta kai wa Inna. Inna ta shafa tsagin da yatsa, ta ce ba fasasshe ta bayar ba.

An shirya jana'iza ranar Asabar a sito, bayan tsohuwar fanka. Sai dai ana sanar da jama'a cewa an ɗage ta har sai abin da hali ya yi. Jiya da yamma Kawu kafinta ya iso ɗakin zane da wani abu naɗe a zani. Gilashin ɗaya ƙofar kabad ɗin ne, Inna da kanta ta lalubi kusoshin ta kwance. Saƙonta gajere ne: "Ki yi sauri, Auta. Idona ba zai jira ki ba."

Ana karɓar ta'aziyya a gaban kabad ɗin Inna, wanda yanzu rami biyu gare shi. Duk mai zuwa ɗakin zane kuwa, ya taho da kwalin fifita.