Nomau da Gishirin Iya

A Tungar Rimi muna da mutum guda da ba ma yarda baƙo ya yi masa dariya, ko da yake mu kanmu mun sha yi har da hawaye. Sunansa Nomau. Yana zaune da tsohuwarsa Iya Tasalla, da ƙanwarsa Delu mai koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, sai wani jan sa da suke kira Kuri. Da san nan suke huɗar gonar da ke ciyar da su. A shekarar da nake ba ku labari, damina na ƙaratowa, Kuri kuwa sai ramewa yake, hancinsa na ɗigar jini, an rasa dalili.

Wata rana alayyafon Iya ya yi yaushi. Ta ce, "Nomau, tsoma shi a ruwa. Duk abin da ya yamutse, ruwa ke miƙar da shi." Ya tsoma, ganye ya farfaɗo. Ya dubi ganye, ya dubi fuskar Iya. Tana gyangyaɗi bayan azahar sai ji ta yi an juye mata tulu guda a ka. "Zauna tukuna, Iya," in ji shi, "goshin ya kusa miƙewa." Da muciya ta raka shi har zaure.

Wata rana Delu ta ce bari ta wayar masa da kai. Ta yanka yalo, ta barbaɗa gishiri, nan da nan ruwa ya tsattsafo. Ta ce, "Yaya, ganye da nama duk ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da siririyar fatarsa. Ruwa na ratsa fatar, ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa."

"Wato ruwa bin gishiri yake?"

"Haka ne."

Da safe sai ga farin layin gishiri tun daga bakin rijiya har gindin randar Iya, Nomau na tsugune a ƙarshensa yana jiran ruwa ya iso. Awakin unguwa ne suka iso.

Wata rana Iya ta aike shi ban ruwan barkononta. Ya ga ba sai ya sha wahalar guga ba, ya zuba wa kowane gindi gishiri cike da hannu don ya kira ruwa. Ruwa ya amsa kira kuwa, amma na cikin saiwar ne ya fito. Kwana biyu barkono ya kwanta. Iya ta yi kuka, ta ɓoye gishirinta a cikin tukunyar daddawa.

Wata rana Kuri ya ƙi kiwo sam, ya kwanta yana huci. Dattawa suka ce a yanka shi kafin ya zama mushe. Aka kira mahauci. Iya ta zauna a kan turmi ta rafka tagumi, don ta san in babu Kuri babu huɗa bana. Ta ce, "Nomau, ko hancin nan ka tsane masa, kada ya tafi da ƙazanta." Da wani ne, tsumma zai nema. Nomau kuwa tukunyar daddawa ya nufa, ya dama gishiri da kauri, ya ɗaga kan Kuri ya ɗura masa a hanci.

Iya ta yi salati. Kuri ya zabura, ya yi wata atishawa mai ƙarfi, sai ga wani baƙin abu ya faɗo ƙasa yana murɗewa. Matsattsaku ne, irin mai shan jinin nan na tafki, ya maƙale a hancin tun wani zuwa shan ruwa.

Delu ta tsuguna ta duba. "Gishirin ya zuƙe ruwan jikinsa ta fata, shi ya sa ya saki. Yaya, ka ceci Kuri!"

Mahauci ya mai da wuƙarsa kube. Kafin la'asar Kuri na tsaye yana cin harawa, kuma shi ya yi huɗar shekarar. Ina wurin, kuma wallahi ban taɓa jin alfahari da ɗan garinmu kamar ranar ba.

Muna ta sa masa albarka sai muka ga ya ɗauki matsattsakun a tafin hannu ya nufi randa.

"Ina kuma za ka da shi?" in ji Iya.

"Ba ki ga ya yamutse ba?"