Ramin da Na Sa Aka Haƙa a Jibiya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Lahadi a kan iyakar Jibiya ba. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnati na sayen kayan aiki kamar ba gobe, ni kuma na dawo daga kwas a Kaduna da sabuwar mitar gwada waya rataye a wuya (har masallaci nake zuwa da ita). Ina cikin watannin gwaji, kuma rahoton shugaban ofishinmu ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni.

Tarhon da ya haɗa ofishinsa da ɗakin masu gadin ƙofa ya mutu. Na cire wayoyin biyu daga jikin tarho, na ɗora musu mita. Allurar mitar ko motsi.

"Ranka ya daɗe, waya ta tsinke a ƙarƙashin ƙasa," na ce masa, ina wani gyara tsayuwa.

Wayar kuwa ta ƙarƙashin titi ta bi. Aka kira leburori, aka tsare hanya. Ranar kasuwa ce. Kafin azahar motocin gero da na shanu sun yi layi har ba a hango ƙarshensu, direbobi na zagina a ciki, ni kuwa ina tsaye bakin rami ina nuni da yatsa. Aka tono waya, sai ga ta lafiya lau, ko gara ba ta taɓa ta ba.

Wani dattijo da ke gyaran waya a Maraɗi ya sauko daga mota, ya leƙa ramin, ya dubi mitata, ya kira ni da mushe, wato malam a Faransancin mutanen Maraɗi.

"Mushe, mi kaka biɗa?"

Na yi masa bayani, rabi da Turanci.

"To, ka ɗamre bakin wayoyin can ƙofa kahin ka gwada?"

Ban ɗaure ba. Darasin makon farko ne: sai an haɗa bakin wayoyin a ɗaya ƙarshen wuta za ta je ta dawo, in ba haka ba kowace waya matacciya ce a wurin mita. Ya taka can ƙofa ya murɗe bakin wayoyin wuri ɗaya, allura ta yi tsalle a gaban kowa. Ashe batiran tarhon ne suka mutu. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in kwanta a ramin a mayar da ƙasa.

Shugaba bai ɗaga murya ba. Shebur ya miƙo mini, na cike ramin ni kaɗai direbobi na kallo, sannan ya ƙara mini wata shida na gwaji.

Na shekara talatin a aikin nan. Har na yi ritaya, in mita ta ce waya ta mutu, kaina nake fara tuhuma.