Lamba Ɗaya a Motar Marigayi

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa. Gidan da ke jikin nawa mutum biyu suka rage a cikinsa: Inna Tabawa da ɗanta na fari, Nomau. Ya ba hamsin baya, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ƙanensa Zubairu, wanda ya riƙe gidan, ya rasu bara. Ya bar babbar mota baƙa a ƙarƙashin dalbejiya.

A jikin ƙofar direba akwai maɓallai masu lamba. In an danna lamba ɗaya, kujera ta koma yadda Zubairu ke zama. Dogo ne, sai kujerar ta ja baya har ta taɓa gwiwar wanda ke bayansa. Kullum bayan la'asar Inna kan shiga baya, Nomau ya danna, kujera ta zo ta taɓa gwiwarta. Ta ce, "Ka matse ni," yadda take ce wa Zubairu yana da rai. Sai ta fito.

Ni tsohon direba ne, ni ke tayar da injin duk mako. Gajere ne ni, sai na jawo kujerar gaba. Ran Litinin na ce wa Nomau ya sauke gilashi mota ta sha iska. Ban ce ya ɗaga ba. Ruwa ya kwana yana dukan maɓallan. Da la'asar aka danna, shiru. Kujera ta tsaya inda na bar ta. Inna ta zauna har aka kira magariba, gwiwarta ba ta taɓa komai ba.

Wata rana na cire maɓallan na ba Nomau, na tura shi kasuwar tsofaffin kayan mota. Na ce, "Ka nemo irinsu. Kada ka karɓa sai ka gwada." Kwana uku yana zuwa. Duk shagon da ya shiga, ya ɗauki maɓalli a hannu, ya danna ɗaya, ya tsaya yana jira. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Mai Jiran Kujera. Ya dawo hannu rabbana.

"Baba Ilu, na gwada duka. Babu wanda ya motsa."

"A hannu ka gwada?"

"Ba ka ce a ƙafa ba."

A kwanakin nan Inna ta rage cin abinci.

Wata rana na bi shi da kaina. Muka samu na wata mota da aka farfasa. Mai shagon ya haɗa mana da wani ɗan akwati baƙi, ya ce a ƙarƙashin kujera yake zama, tare suka zo, gara a canza su tare. A hanya na miƙa wa Nomau akwatin na ce, "Riƙe shi da kyau." Bai ajiye ba har gida. Da shi a hammata ya yi alwala.

Wata rana mai gyaran wayarin mota ya zo ɗaurawa. Inna ta leƙo daga zaure ta ce wa Nomau, "Kai, kada ka bari a fitar da komai na ƙanenka daga motar nan." Hular Zubairu da carbinsa da ke cikin motar take nufi. Mai gyara ya ɗaura maɓallai, ya durƙusa zai kwance tsohon akwati. Nomau ya kwanta a ƙasan motar ya rungume ƙafar kujera.

"Malam, tashi in yi aikina."

"Na Zubairu ne."

"Ga sabo nan, ya fi wannan lafiya."

"Inna ta ce komai."

Na yi masa tsawa, ba zan ɓoye ba. Na ja shi ta ƙafa. Bai saki ba. Mai gyara ya gaji, ya ce shi yana da sauran aiki, a gwada haka nan. Da ƙyar Nomau ya tashi. Ya je ya kira Inna, ta shiga baya. Ya danna ɗaya.

Kujera ta yi ƙara, ta fara ja a hankali. Madubi ya karkata. Ta zo ta taɓa gwiwar Inna. Wannan karon sai Inna ta ɗora goshinta a bayan kujerar.

Mai gyara ya tambaye ni abin da ke faruwa, na gaya masa. Ya ce, "Baba, ai da kun faɗa mini tun farko. Ba maɓalli ke riƙe zaman mutum ba, akwatin ne. Da na cire shi na sa sabon, shi ke nan. In aka danna, zaman mai waccan motar zai zo."

Nomau yana tsaye yana ji. Ya dubi akwatin da muka sayo, ya daɗe yana dubansa.

Washegari da sassafe na gan shi a bakin titi yana jiran mota, akwatin a nannaɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Na tambaye shi ina za shi.

"Kasuwa. Zan tambayi mai shagon ko na ɗan wane ne. Wataƙila tasa innar tana can tana dannawa."

Ban hana shi ba.